Matar da Ta Toshe Rariya

Akwai wata mata gwauruwa a wani gari, mutanen unguwa suna kiranta Maman Dogara. Tun da mijinta ya rasu ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma tana so a san da haka. Abin da za ta ci, da zanen da za ta ɗaura, da abin da za ta sa a baikon majami'a ran Lahadi, duk daga jikin kaji ashirin da biyu suke fitowa. Tana da akurki mai rufin kwano a kusurwar bayan gida, da ɗan fili a gabansa wanda ta kewaye da waya, nan kajin suke tono da rana. A kasuwa kowa ya san ta. In ta faɗi kuɗin ƙwai, ko wuni za ka yi kana magana ba ta ragewa. In kuwa ita ce mai saye, sai mai kaya ya gaji ya ce ta ɗauka don ya huta.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanta da na wata tsohuwa mai suna Briskila. Gidan Maman Dogara yana ɗan tudu, na Briskila yana gangare. A gindin katangar, daidai bayan akurkin, akwai rariya, wato ƙaramar kafar nan da magina suke bari don ruwan sama ya wuce. Tun mazajensu suna da rai haka ake yi: ruwan gidan sama ya bi ta rariya, ya ratsa tsakar gidan ƙasa, ya fita kwata. Ba wanda ya taɓa cewa komai.

To, ita Briskila agwagi take kiwo. Wata shekara da rani, ƙananan agwagin suka gane hanya. Sai su bi ta rariya su shigo, su cinye dusar kaji, su ɓata ruwan sha, su koma abinsu. Maman Dogara ta yi magana sau ɗaya, ta yi sau biyu. A na uku ba magana ta yi ba, tsayawa ta yi a gindin katanga ta ɗaga murya, ta faɗi abubuwan da ba a faɗa wa wadda ta girme ka, har maƙwabta suka leƙo. Briskila ta ba ta haƙuri, ta ce za ta riƙa tsare su. Maman Dogara ta ce haƙuri ba ya mayar da dusa. Ta je ta samo wani dutse mai tsini a gefe ɗaya, ta cusa tsinin cikin rariyar, ta ɗauko taɓarya ta yi ta dukansa har ya shige ya kafe, ta kawo laka ta shafe. Daga ran nan ta daina gaishe ta. A majami'a ma, in Briskila ta zauna a benci, sai ita ta nemi wani.

Da ruwan farko ya sauka, ƙasa tana da ƙishi, ta shanye. Na biyu ma haka. Maman Dogara ta ce a ranta, ashe ma rariyar ba ta da wani amfani.

Sai marka ta zo. Kun san ruwan marka, ba ya zuwa da tsawa ya wuce. Yayyafi ne da safe, yayyafi da rana, wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba, gishiri ya narke a kwano. Ƙasa ta sha har ta ƙoshi. Duk ruwan da ya sauka a gidan ya gangara ya nufi hanyar da ya saba, ya tarar an rufe, sai ya tsaya nan. Filin kaji ya zama taɓo, daga baya ruwan ya shiga har cikin akurki.

Maman Dogara ta ce rufi ne ke yoyo. Ta kira kafinta, ya hau ya duba ko'ina, ya sauko ya ce rufin nan lafiyarsa lau, ruwan ba daga sama yake shiga ba, daga ƙasa yake kwanciya. Yana magana yana kallon gindin katanga. Ta ce masa don rufi ta kira shi, ba don kallon katanga ba, tunda kuma ko ƙusa ɗaya bai buga ba, sai ya karɓi sannu ya tafi.

Washegari ta tafi wurin mai injin shinkafa ta nemi ɓuntu. Ta tsaya a kansa cikin yayyafi, ta ce ai shara ce take so ta rage masa, shi ya kamata ya gode mata. Ba ta bar wurin ba sai da ya ba ta buhu uku a kuɗin ɗaya, ya kuma ara mata baro. Ta dawo tana jin daɗin kanta. Ta zazzage ɓuntun a kan taɓon, ta baje, wuri ya yi fes, kaji suka fito suna tono. Kwana ɗaya ya yi a bushe. Kashegari ya jiƙe, ta ƙara wani a kai. Ya jiƙe, ta sake ƙarawa. In ka hango daga ƙofa sai ka ce ba akurkin da ya kai nata tsabta, amma in ka taka, baƙin ruwa ne zai fito ta tsakanin yatsunka, ga wari mai sa ido hawaye.

Kaji suka daina ƙwai. Sai su tsaya da ƙafa ɗaya, su saki fukafukai, suna gyangyaɗi suna atishawa. Ta jiƙa musu ɓawon maɗaci, ta daka barkono ta zuba a ruwan shansu, duk a banza. Sau biyu ta ji muryar Briskila ta kan katanga tana kiranta, ta yi kamar ba ta ji ba. Ran kwana na tara ta tarar da jar kazarta, wadda ta fi duka ƙwai, a kwance ta sandare. Bayan kwana biyu wasu biyu suka bi ta.

Ta zauna a kan turmi tana duban goma sha taran da suka rage, rabinsu ba sa ko ɗaga kai. Ta san in suka ƙare, ita ma za ta shiga layin gwauraye ran da ikilisiya take rabon hatsi, ta riƙe kwano a kira sunanta. Wannan tunanin ne ya tashe ta.

Ta shiga bayan akurki, ta durƙusa cikin taɓon, ta kankare lakar da ta shafa. Ta sa hannu ta jawo dutsen, bai motsa ba. Ta gwada da wuƙa, ta gwada da bakin fartanya. Babu wurin kamawa, gama ita da kanta ta dake shi har ya nutse. Ta gane cewa dutsen nan ba zai fito ba sai an buge tsininsa ta ɗaya gefen, ɗaya gefen kuwa yana cikin gidan Briskila.

Ta daɗe a tsaye da taɓarya a hannu. Daga ƙofarta zuwa ƙofar Briskila bai fi taku talatin ba, amma sai da ta fita ta dawo sau biyu. A hanya ta shirya maganarta yadda take shirya ciniki. Za ta ce ba don kanta ta zo ba, katanga ce take shan ruwa, in ta faɗi ta faɗi a kansu su biyu. Za ta ce ta yarda a buɗe, amma da sharaɗin a ɗaure agwagi. Ba za ta ambaci kaji ba, domin mai saye ba ya nuna yana cikin matsi.

Ta yi sallama. Briskila tana zaune a baranda tana tsince wake. Ta ɗaga kai, ta dubi taɓaryar, ta dubi zanen da ya sha taɓo har gwiwa.

"Maraba, Maman Dogara. Yaya ruwa?"

Kowa ya san amsar gaisuwar nan, a ce ruwa ya yi gyara. Amma ba wannan Maman Dogara ta faɗa ba. Duk abin da ta shirya ma ya ɓace.

"Ruwa ya kashe mini kaji uku, Iya," in ji ta. "Saura ma suna hanya."

Briskila ta ajiye faifai, ta ce ta biyo ta. Suka zaga bayan ɗaki. Can a gindin katanga ga tsinin dutsen ya leƙo. Daga ƙarƙashinsa kuwa ga wata sabuwar hanyar ruwa, an haƙa ta da zurfi, an jera ƙananan duwatsu a gefenta, ta ratsa tsakar gida har kwata. Ko ganye ɗaya babu a ciki.

Maman Dogara ta tambaya wa ya haƙa. Briskila ta ce ita ce, kaɗan-kaɗan, tun ran da marka ta kama. Ta ce tana jin tarin kajin ta bayan katanga, ta san ran da za a buɗe ruwan zai zo da ƙarfi, shi ya sa kowace safiya take share masa hanya.

"To, me ya hana ki buge shi, Iya, tunda ga shi a gabanki?"

"Ba ni na sa shi ba. Da na taɓa, da yanzu muna gaban mai unguwa, kina cewa na rushe miki katanga." Ta yi dariya. "Buga mana. Agwagina sun fi mako biyu suna jiran ruwan nan da kike musu rowa."

Maman Dogara ta ɗaga taɓarya. Bugu na farko dutsen ya yi motsi, a na uku ya faɗa ta gidanta. Ruwa ya ɓarke, baƙi wuluk, da kashin kaji da ruɓaɓɓen ɓuntu, ya wanke ƙafafun tsohuwar, ya bi hanyar da aka gyara masa. Ta tsaya tana kallon ƙazantar gidanta tana ratsa tsakar gidan matar da ta zaga a gaban mutane. Sai ta jingine taɓaryar, ta durƙusa.

"Ki gafarta mini, Iya. Na yi miki rashin kunya."

"Na daɗe da yafewa, 'yata, ke ce ba ki zo kin karɓa ba. Tashi, aiki yana jiranki. Duk ɓuntun nan sai kin kwashe shi har ki ga ƙasa."

Haka kuwa aka yi. Ta kwashe kajin ta kai su ɗakin girki kusa da murhu. Ta wuni tana kwasar ɓuntun da ta ci ciniki a kansa, tana zubarwa bayan gari, tana toshe hanci. Da ƙasa ta bayyana, ta zuba tsakuwa da yashi har wurin ya ɗara tsakar gida tsawo, ta ja 'yar hanya ta kewaye filin zuwa rariya. Ta barbaɗa toka, ta shimfiɗa busasshen ɓuntu kaɗan, wanda za ta iya kwashewa ta sake bayan kwana biyu. Ta kafa sanduna a ciki don kaji su hau su kwana a sama, ta fitar da kaskon ruwansu bakin ƙofa. Briskila ta miƙo mata wani tsohon guntun raga ta kan katanga, suka kafa a bakin rariyar, ruwa ya wuce, agwagwa ba ta wuce ba.

Ruwan sama bai tsaya ba, sai da ya ƙara mako biyu. Amma yanzu yana shigowa yana wucewa. Kaji suka fara ɗaga kai, suka fara faɗa a kan dusa, ko ɗaya ba ta ƙara mutuwa ba. Ran da ta sa hannu cikin akurki ta taɓo ƙwai mai ɗumi, sai ta zauna nan ƙasa, ta sauke numfashi, ta yi wa Allah godiya.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwana. Ruwan marka shi ne wahalar duniya, da ɓacin rai, da laifin da mutane suke yi wa juna. Yana sauka a kowane gida, ba wanda zai hana shi. Allah bai ce ba za a yi ruwa ba, amma ya bar mana rariya, wato tuba da gafara, don abin da ya shigo ya sami hanyar fita. Dutsen shi ne girman kai. Mu da kanmu muke dake shi, kuma a ranar da muke dakawa muna ganin muna da gaskiya, sau da yawa ma muna da ita. Agwagin nan da gaske sun ci dusa. Amma dubi wanda ruwan ya kwanta wa. Ba gidan Briskila ba ne.

Busasshen ɓuntun kuwa, shi ne abin da muke zubawa a sama don kada a gani. Mu sa anko, mu yi waƙa da ƙarfi, mu riga kowa zuwa sujada, alhali ƙasan zuciya yana ruɓewa. Ana haka salama take mutuwa, addu'a ta mutu, yara a gida su rasa me ya sa fuskar uwarsu kullum a ɗaure. Sai mu ce rufi ne, mu ce Shaiɗan ne, mu ce maƙiya ne.

Wata a cikinmu tana cewa za ta gyara abin ita kaɗai a ɗakinta, tsakaninta da Allah, ba sai ta taka ƙofar kowa ba. Matar nan ma ta gwada, har da wuƙa. Akwai dutsen da ba ya fita sai ka shiga gidan wanda ka ɓata wa. Kuma ba ciniki za ka je yi ba, gafara ba a taya ta, roƙonta ake yi.

Kada tsoro ya hana ku. Kafin mu yi tunanin tuba, Yesu Almasihu ya riga ya haƙa hanya, ya yarda ƙazantarmu ta bi ta kansa ta wuce. Mai yiwuwa kuma wanda kake jin nauyin haɗa ido da shi ya daɗe da yafe maka, jiranka kawai yake yi.

Kowa a nan ya san ƙofar da ya daina shiga. In an tashi sujada yau, kafin a ɗora tukunya, a je a yi sallama.