Dalilin da Ya Sa Ɗan Cikin Ƙwai Yake Kama da Gaiwa

Dalilin da ya sa kuka ga abin da kuka gani a ƙwan nan, zan faɗa muku, ko da yake bulala kuka cancanta. Kaza na kwanci kwana huɗu, ku je ku fasa mata ƙwai, wai kuna son ganin ɗan tsako! To ina tsakon? Ke Lantana, daina matsar hawaye, matso ki duba. Kin ga ɗan abin nan a lanƙwashe, da wutsiya, da 'yan tsage-tsage a wuya kamar kifi? Wannan kamar kakarsu ce.

Da can, duk wani mai rai a ruwa yake. A wani tafki akwai Gaiwa, kifin nan mai shiga laka in rani ya yi. Tana da ɗanta na fari, Dikko. Kun dai san kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido da ido ba. In za ta ba shi abinci sai ta ture gefe, ta ce wa ruwa, “A faɗa wa yaron can ya ci.” Alhali wallahi duk tafkin ba wanda take so kamarsa.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri. Tafki ya yi ta janyewa har ya koma taɓo. Dikko ya lallaɓa bakin gaɓa, ya hango ciyawa da inuwa, ya dawo.

“Inna, akwai wurin zama a tudu,” in ji shi. “In kin ce in goya ki, mu tafi tare. In kin ce in zauna, na zauna. Ki dai ce wani abu.”

Maƙwabta sun yi cirko-cirko suna kallo. Gaiwa ta kau da kai. Maganar na nan a bakinta, kunya ta hana ta fita. Sai ta ce wa wata tarwaɗa da ke kusa, “Ni ina ruwana da inda yaro zai je?”

Kai, wannan magana! Duk lokacin da na zo nan sai raina ya ɓaci. Tarwaɗar ma, da bakinta kamar ƙofar rumbu, ta kasa cewa, “Yaro, kunya ce.” Dikko ya ɗauka da gaske ne. Ya juya, ya ja ciki ya hau tudu. Ita kuwa ta nutse cikin laka, ta rufe kanta, tana kuka inda ba mai gani.

Tudu ba ya karɓar mutum yadda ya zo. 'Yan siraran hannuwan da yake iyo da su suka yi ta gogar ƙasa har suka yi gwiwa da yatsu. Tsagar wuyansa ta toshe don ba ruwan da zai bi ta ciki. Wuyansa ya yi tsawo saboda yawan waiwaye. Ya auri wata da ita ma farin ya koro tudu, ya yi gida. Amma duk damina in ya ji ƙanshin ruwan farko, sai abinci ya fita ransa.

Bayan shekara bakwai matarsa Tabawa ta ce, “Maigida, ramar nan ta isa. Je ka gano mahaifiyarka.”

Ya tafi. Tafiyar kwana talatin ce. Ya tarar tafki ya cika, ga Gaiwa a bakin ruwa, ta rame, don in ta shiga laka ba abinci, jikinta take ci. Ya durƙusa ya gaishe ta. Da yake baƙo ta ɗauke shi, ranar ce ta fara kallonsa sosai.

“Bawan Allah, daga tudu kake? Ko ka ga wani yaro?” Ta rage murya. “Dikko sunansa.”

Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba sai ranar. Ya ce, “Inna, ai ni ne.”

Ta dube shi sama da ƙasa. “Haba, kada ka yi wa tsohuwa ba'a. Nawa yana da tsaga a wuya irin tawa, ba shi da waɗannan sanduna. Kamata ce sak, haka mutane ke faɗa.” Haka mutane ke faɗa, kun ji! Ita ba ta taɓa dubawa ba. Ya yi rantsuwa, ya yi magiya, ta nutse abinta.

Ya koma gida ya tarar Tabawa ta saka ƙwai. Ya sunkuya kansu yana kuka, yana roƙo: “'Ya'yana, ku ɗauko kamar kakarku, in kai mata shaida.” Suka ji tausayinsa, suka ɗauko. In ya ɗaga ƙwai a rana sai ya hango ɗan abu da wutsiya da tsagar wuya. Ya ɗauki ɗaya ya kama hanya da gudu. Kafin ya kai rabi, ƙafafu sun tsiro, tsaga ta rufe. Kafin ya isa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ɗa ya fito ɗan tudu sosai.

Shekara ta zagayo, ya kwashi Tabawa suka tare a bakin tafki, ta saka ƙwai a nan. Kwana huɗu, ya ɗaga ɗaya ya kira Gaiwa. Idonta ya riga ya dushe, ba ta ganin komai ta cikin ɓawo.

“Fasa in taɓa,” in ji ta.

Ya ɗauki dutse. Tabawa ta riƙe masa hannu: “In ka fasa, ya mutu.” Ya dubi uwa, ya dubi ƙwai. Sai ya ajiye dutsen. Gaiwa ta ce, “Na sani dama ba shi ba ne,” ta koma ruwa.

Jikokinsa sun watsu a duniya, wasu sun yi gashi, wasu fuka-fuki, wasu kofato. Shi ya sa har wa yau, kaza ce, ƙadangare ne, ko akuya, duk ɗan da ke ciki sai ya fara ɗaukar kamar Gaiwa kafin ya ɗauki ta gidansu. Roƙon kakansu suke cikawa. Ita kuwa tana can cikin laka duk rani, tana tambayar mai wucewa ko ya ga Dikko.