Ƙarfe Mai Ɗigon Jan Fenti

Akwai wani mai gyaran jikin mota da kowa ke kira Mai Guduma. Duk motar da ta yi haɗari ta lotse, garejinsa ake jawo ta. Hannunsa na da kyau, wannan ba musu, amma taurin kansa ya fi ƙarfen da yake bugu. Shekara ashirin yana tuƙi, bai taɓa ɗaura bel da son ransa ba. Sai ya hango jami'an hanya yake yafa shi a kafaɗa, da ya wuce su ya yar.

To kun san halin motocin yanzu, in ba ka ɗaura ba su yi ta kuka, tit-tit-tit, har ranka ya ɓaci. Sai gogan naku ya samo dabara. Duk matacciyar motar da ta shigo, ya yanke ƙarfen kan bel ɗin, ya goge shi, ya ɗiga masa jan fenti, ya ba masu kawo masa aiki kyauta.

"Soka wannan a ramin bel," yakan ce. "Motar ta ɗauka ka ɗaura, ta yi maka shiru."

Yana da 'ya guda, shekararta biyu, suna ce mata Kanari saboda surutu. Yayar matarsa, wadda nas ce, ta kawo musu kujerar yara ta mota, mai madauri biyar.

Mai Guduma ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya, akwai kujerar da ta fi cinyar uwa?"

"Baban Kanari, doka ce fa. Kuma ni nake karɓar yaran da ake kawowa asibiti, ba kai ba."

"Dokar neman tara dai. Mu a bayan babbar mota aka yi renonmu, ga mu da ranmu."

Ya jefa kujerar a ɗakin ajiya. Matarsa dai ta bi ta da tsohon zani ta rufe.

Wata Litinin janwe ya jawo wata mota mai ruwan toka. Gabanta ya shige ciki. Mai Guduma ya zagaya ta kamar yadda ya saba, sai ya tsaya cak a gilashin gaba. A gefen mai zaman banza gilashin ya bultso waje, wani ɗan zagaye da bai wuce ƙaramin kwano ba. Ya san irin wannan tabon, kan mutum ne ke yin sa. Amma bai taɓa ganin ƙarami haka ba.

Ya leƙa ciki. A ramin bel na direba da na gefensa akwai ƙarafa biyu, kowanne da ɗigon jan fenti.

Nasa ne. Ya zare su ya cusa a aljihu, ya cire batir ya ajiye gefe.

Da rana tsaka, gareji ya yi tsit, kowa ya tafi cin abinci, sai ya ji ta. Tit. Tit. Tit. A hankali, daga cikin motar. Ya dubi batirin, ga shi can a ƙasa kusa da ƙafarsa.

Ya kira maƙwabcinsa rewaya, mai gyaran wutar mota. Mutumin ya sa kunne, ya girgiza kai.

"Oga, motar da ba batir, kukan me za ta yi? Rana ce ta buge ka, je ka sha ruwa."

Washegari haka. Jibi haka. Ya fizge wayoyin, ya ciro allon gaban motar gaba ɗaya ya jingine a bango. Ƙarar ba ta daina ba. In yana buga guduma sai ta jira shi, yana ajiyewa ta ci gaba. Tsoro ya kama shi sosai, amma girman kai ya hana shi faɗa wa kowa a gida.

Ranar Alhamis wani mutum ya shigo garejin, hannunsa ɗaure a wuya. Mai motar ne. Mai Guduma ya gane shi, shi da kansa ya ba shi ƙarafan a bara.

"Ba gyara na zo nema ba," in ji mutumin. "Takalmin yarona nake nema, ƙafa ɗaya. Uwarsa ta hana ni sakat."

Suka same shi a ƙarƙashin kujera, ɗan mitsitsi. Mutumin ya riƙe shi yana juyawa.

"Uwarsa ta riƙe yaron fa. Wallahi da hannu biyu ta riƙe shi. Gudu ma ba na yi. Ta ce ji ta yi kamar an fizge mata shi."

Sai ƙarar ta soma. Mutumin ya ɗago kai a hankali ya dube shi.

"Kai ma kana ji?"

Mai Guduma ya gyaɗa kai.

"Ni tun ranar ban daina ji ba," in ji mutumin. "Ashe gargaɗi motar take mini, na toshe mata baki." Ya sa takalmin a aljihu ya fita, bai zagi kowa ba.

A nan ne Mai Guduma ya tuna. Yau ce ranar da ƙanensa zai kai matarsa da Kanari gaishe da kaka, a motarsa, motar da duk ramukan bel ɗinta ke toshe da ƙarafansa.

Ya kira matarsa, ba a ɗauka ba. Ya kira ƙanensa. Sai a kira na huɗu wata baƙuwar murya ta amsa.

"Kai ne ɗan'uwan mai wayar nan? Taya ta fashe musu bayan gada. Ka zo yanzu."

Bai san yadda ya isa wurin ba. Motarsa na kwance a gefenta cikin rami. An riga an ɗauki ƙanensa, wanda ya fita ta gilashin gaba. Mai Guduma ya kutsa cikin mutane yana neman ƙaramin zagaye a gilashin.

Sai ya ji ana tsala kuka. Matarsa na zaune a bakin titi, sawun bel ya yi ja a wuyanta. A gabanta ga kujerar nan da aka ciro ɗungurungum, Kanari na ɗaure a ciki tana ihu tana harba ƙafa, ko ƙwarzane babu.

Matar ta ɗago ido. "Baban Kanari, ka yi haƙuri, na saɓa maganarka. Kana fita na ɗauko ta, na zare ƙarfen nawa na ɗaura. Na roƙi ƙanenka ya ɗaura, ya ce kai ma ba ka ɗaurawa."

Ƙato guda ya durƙusa a kan kwalta yana kuka kamar yaro.

Ƙanen ya rayu, amma har yau a keken guragu yake, kuma Mai Guduma ne ke tura shi. Tun daga lokacin yake bin tasha-tasha da gida-gida yana roƙon a mayar masa da ƙarafansa. Wasu sun bayar, wasu sun sayar da motocin, ba a san inda suka nufa ba. Shi ya sa duk sanda janwe ya karyo kwanar garejinsa, ba ya duban lotsewar. Ƙofa yake buɗewa, ya fara duba ramin bel.

Darasi: Hannun uwa komai ƙarfinsa ba ya riƙe yaro idan mota ta yi karo. Ku sa ƙananan yara a kujerarsu a bayan mota, ku ɗaura musu, ku ma ku ɗaura, ko da nan da bakin layi za ku. Dokar nan ba don jami'in hanya aka yi ta ba, don ɗanka ne, kuma abin da kake yi shi na ƙasa da kai ke kwaikwayo. Ku tura wa duk wani uba ko uwa da kuka sani, musamman wanda har yanzu yake toshe wa motarsa baki.