Dalilin da Ya Sa Maginan Kwarin Ɗinya Suke Amsa Sunan Muratori

To, ku zauna, ku daina tsungulin juna, in gaya muku dalilin da ya sa rabin yaran garin nan na Kwarin Ɗinya in an kira sunansu a makaranta sai a ji an ƙare da Muratori, baƙi su yi ta waige-waige suna neman Bature, alhali ga mu baƙaƙe wuluk.

Can a da, rafin nan ba shi da gada. Damina na sauka sai ya yanke mu daga duniya, mai naƙuda ta haihu a bakin ruwa, mai gero ya zauna da geronsa. Sai aka kawo wani magini daga ƙasar Italiya don ya gina gada, dattijo, gajere, mai faɗin kafaɗa, ga gemu fari fat. Sunansa Muratori. A lokacin kowa kiran sunan yake yi kai tsaye, har mata a bakin rijiya.

Cikin waɗanda ya ɗauka aiki akwai Tanimu, maginin ƙasa, wanda ya gaji yaɓe da ɗora soro a gidansu. Tanimu ya sha ganin gini, amma bai taɓa ganin hannu irin na mutumin nan ba. Zai ɗauki dutse ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa da guduma ya kasa kunne, in bai yi masa ba ya jefar. Ya ja bakan gizo irin wanda ake yi wa soro, amma da dutse zalla, ba ƙarfe ko ɗaya. Kuma ba shi da rowar sani. Sai ya kama hannun Tanimu ya ɗora a kan dutsen, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Ji shi, ji shi. Wannan yana so zauna nan."

Da aka gama, aka yi wata damina mai hauka. Ruwa ya zo da itatuwa da mushen shanu, ya daki gadar, ya gaji, ya wuce ta ƙarƙashi. Gada ko gezau! Tun daga ranar mutumin ya girma a idon gari. Ku kuwa kun san halinmu, wanda muka ɗauka uba ba ma kama sunansa. Sai Muratori ya ɓace daga bakin mutane, aka koma Baba. Turawan da suka zo tare da shi suka koma ƙasarsu, shi ya ce ya ga wurin zama.

Wata rana da yamma suna zaune a kan gadar, Tanimu ya ga fuskarsa ba daɗi, ya ce, "Baba, lafiya kuwa?"

Dattijon ya ce, "Tanimu, ka san ma'anar sunana? Magina ke nan da harshenmu. A wurinmu, in kakan kakanka ya yi sana'a, sai sana'ar ta zama sunan gida, ɗa ya karɓa, jika ya karɓa. Akwai masu sunan da yawa a can, amma a gidanmu saura ni. Yaƙi ya cinye 'yan'uwana, ban haihu ba. Ranar da aka binne ni, an binne sunan ubana."

Maganar nan ta soki Tanimu har zuci. Matarsa Lantana kuwa tana da tsohon ciki. Da ta sauka aka sami namiji, ranar suna liman ya raɗa Ilyasu, Tanimu ya sa aka gaya wa maroƙi ya ƙara da sunan Baba. Maroƙi ya kwarara shi a ƙofar gida. Wayyo, da kun ga dattijon nan! Ya rungumi Tanimu a gaban mutane yana kuka, Tanimu ya rasa inda zai sa kansa.

To, ga inda aka kwana. Yaron nan ɗan fari ne, ga shi kuma ya ci sunan Baba. Wa zai kira? Kunya a kan kunya ke nan. Sai aka sa masa Baba Ƙarami. Sauran maginan ma suka yi koyi da Tanimu, gari ya cika da Baba Ƙarami da Mai-sunan-Baba. Dattijo ya kasa kunne, yaro ya yi rarrafe, ya yi tafiya, aka yaye shi, bai ji an kira sunan ko sau ɗaya ba.

Ran nan Lantana ta kai masa tuwo, ya nuna yaron ya ce, "Yaya sunansa?"

Ta ce, "Baba Ƙarami."

"A'a, sunan da aka faɗa ranar rago."

Lantana ta ce, "Rufa mini asiri, Baba!" Ta ja mayafi ta rufe baki, ta fita da gudu har tana tuntuɓe.

Shi ke nan, dattijo ya ɗauka sunan nasa abin ƙyama ne, an dai sa ne don a rarrashi tsoho. Ya daina cin tuwon kirki, ya rame. Daga baya ya ɗaure gudumarsa da igiyar awonsa a tsumma, ya ce ranar kasuwa zai bi mota, ya je ya mutu inda ake iya faɗin sunansa.

Tanimu ya je ya durƙusa a gabansa, ya ce, "Baba, wallahi girmamawa ce. Ko sunan mahaifina ban taɓa kamawa ba."

"In gaskiya ne, faɗi nawa. Sau ɗaya tak, in zauna."

Tanimu ya buɗe baki. Ga sunan a kan harshensa, yana so, Allah ya sani yana so, amma ya ƙi fita. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri." Dattijo ya juya masa baya.

Tanimu ya komo gida, baƙin ciki ya cika shi, ga shi zai rasa mutumin da ya ba shi sana'a, kuma da bakinsa ya kore shi. Yana shiga tsakar gida ya tarar da 'ya'yan yayyensa sun kewaye tsohuwarsa suna ja mata zani, suna cewa, "Kande, Kande, miyarki ba gishiri, mun sake ki!" Ita kuwa tana ta dariya tana kai musu duka da mafici. Sunan da shi bai isa ya faɗa ba, ga jikoki suna wasa da shi a rana tsaka. Tanimu ya tsaya turus. Bai ko sha ruwa ba ya fita, ya bi gidajen maginan ɗaya bayan ɗaya.

Ranar kasuwa dattijo ya hau mota, ya zauna kusa da direba, bai kalli kowa ba. Mota ta gangaro za ta hau gada sai direba ya taka birki. Gadar ta cika maƙil da yara, har na goye yayyensu sun saɓo su. Sai suka ɗauka baki ɗaya:

"Muratori! Muratori! Ina za ka, tsoho?"

'Yan mata suna cewa, "Mijinmu zai gudu bai saya mana zani ba!" Maza suna cewa, "Muratori, ka tsufa, bar mana gudumar!" Wata mai rashin kunya ta ɗane tayar mota ta kamo gemun.

Tanimu ya matso jikin taga, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, mu 'ya'yanka ne, bakinmu ba zai iya ba. Waɗannan jikokinka ne. Su sun isa su kira ka, su zage ka ma in sun ga dama. Mun ba ka su, kai kuma ka ba su sunan."

Dattijo ya buɗe ƙofa ya sauko, ya zauna dirshan a tsakiyar gadar, yara suka rufe shi. Can aka ji muryarsa daga ƙarƙashinsu tana rawa, yana cewa, "Ku ƙara faɗa. Kunnena ya tsufa."

Ya yi shekaru bayan haka, kullum ƙofarsa da hayaniya, har ya cika a hannun Tanimu. Jikokin nan suka girma suka kama gini, duk inda suka je aiki aka tambaye su 'ya'yan wane ne, sai su ce jikokin Muratori. Nasu 'ya'yan suka karɓa, haka ya bi jini har ya iso kanku.

Shi ya sa har yau in ka ga ginin dutse mai kyau a ƙasar nan, ka tambaya, za ka ji mai sunan ne ya ɗora shi. Tanimu kuwa har ya koma ga Allah bai ƙara furta sunan nan da bakinsa ba. In ya ji jikokinsa suna kiran juna da shi a ƙofar gida, sai dai ya kau da kai ya share ido, ya ce, "Allah ya saka wa Baba."