Ya Jefar da Uwar, Ya Riƙe 'Yar

Akwai wani matashi mai bincike da ake kira Dakta tun bai gama digirin digirgir ɗinsa ba, shi kuwa bai taɓa gyara wa kowa ba. Aikinsa a kan yis ne, wannan dai mai kumbura burodi. Yana binciken yadda furotin ke lalacewa a cikin ƙwayar yis har ta tsufa.

Aikin na haƙuri ne. Ƙwaya takan tsiro da 'ya a gefenta, sai ka leƙa madubin ƙara girma ka janye 'yar da siririyar allura, ka bar uwar. Haka za ka yi ta yi har uwar ta daina haihuwa; yawan 'ya'yan da ka ƙirga shi ne tsawon ranta.

A ɗakin binciken akwai wata dattijuwar ma'aikaciya da kowa ke ce wa Inna. Ta ga Dakta yana barin farantin ƙwayoyin ya tafi hira, sai ta ja shi gefe ta ce idan ya daɗe, 'yar za ta kamo uwar a girma, ya kasa bambance su.

Ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Inna, ki tsaya a wankin kwalabenki."

Ta koma bakin aikinta.

Bayan wata shida ya je wa Farfesa, mai kula da bincikensa, da albishir: ya sauya wani furotin, ƙwayoyinsa sun ninka na kowa tsawon rai. Farfesa ya tara ma'aikata, ya ce ya gwada a gabansu. Kowa na kallo a allo, Dakta ya janye uwar ya watsar, ya bar 'yar. Ashe duk watannin nan sabbin ƙwayoyi yake ƙirgawa a matsayin tsohuwa ɗaya.

Kunya ta rufe shi, ko kai ya kasa ɗagawa. Farfesa ya ce a cire sunansa daga binciken, wato digiri ya tafi ke nan.

Sai Inna ta miƙe. "Ranka ya daɗe, ni ma haka na yi a shekarata ta farko. A ba ni shi wata uku." Farfesa ya amince.

Washegari ya zauna kusa da ita, ya daɗe yana juya allura kafin ya ce, "Inna, ki yafe mini."

"Na yafe tun ranar, ɗana. Matso da kujerar, mu fara."

Darasi: Kada karatunka ya sa ka raina wanda ya riga ka a aiki, domin wata rana shi zai rufa maka asiri. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani zai gyara halinsa.