Bakaniken da aka ba rariya

Akwai wata mata a Zuru mai suna Magdalene, shugabar zumuntar mata ta cocinsu. Bakinta kaifi gare shi. In namiji ya kuskura ya ce "aikin maza ne" a gabanta, ranar sai ya gwammace bai fito daga gida ba.

Injin niƙa ne abincinta tun rasuwar mijinta. A 2006, ana jibi bikin 'yarta, an jiƙa dawar kunu buhu guda, injin ya tsaya cak. Aka ce mata akwai mai gyaran inji a Ribah, aiki sai wanda ya gani. Ta aika a kira shi.

Da hantsi sai ga babur. Wani mutum mai suna Japhet ke tuƙi, matarsa Leah a baya rungume da jakar kayan aiki.

Magdalene ta fizgi jakar ta miƙa wa Japhet.

Leah ta ce, "Mama, ai ni ce..."

"Na sani, ke ce uwargida. Mun gode da rakiya. Ga rariya can, shiga cikin mata ki taya su tankaɗe."

Ran Leah ya ɓaci ƙwarai. Ta karɓi rariyar, ta zauna cikin mata, ta kama tankaɗe.

Shi kuwa Japhet, manomi ne, ko fulogi bai taɓa kwancewa ba. Amma maza sun kewaye shi suna "sannu injiniya", sai girman kai ya hana shi faɗin gaskiya. Ya kwance nan, ya ɗaure can, ya ja igiya. Injin ya yi wata muguwar ƙara, ya tuttulo baƙin hayaƙi, wani ƙarfe ya karye a ciki.

Magdalene ta ci kwalarsa. "Wane irin bakanike ne kai, mugu?"

"Ni na ce miki bakanike ne? Matata ce mai gyaran, kawo ta kawai na yi."

Leah ta taso da gari a hannu, ta leƙa injin.

"Datti ne kawai ya toshe shi. Aikin minti goma. Yanzu kam sai an yo odar kaya daga Kontagora, mako guda."

"To me ya hana ki magana?"

"Na fara, kika katse ni. Shekara tara ina wannan aiki, maza sun sha raina ni, amma suna tambaya tukuna. Ke ko tambaya ba ki yi ba."

Ta karɓi jakarta, ta ce wa mijinta ya tada babur.

Dawa ta yi tsami, aka zubar wa aladu. Magdalene ta daɗe zaune gaban mataccen injinta, rariyar na gefenta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, ba wanda ya ce mata bakaniken namiji ne. Ita ta faɗa wa kanta.

Darasi: Rainin da kake zagin wasu a kai, duba da kyau, wataƙila yana kwance a zuciyarka ba ka sani ba. Ka tambaya kafin ka yanke wa mutum abin da ya iya. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu cewa su ba haka suke ba.