Idon da Ke Ɗakin Inna Tasalla

An ce wai an yi wani attajiri mai sayar da taki, ana kiransa Alhaji Nomau, mutum ne mai tattali wanda ko ƙwayar gero ba ya so ta faɗi a banza. Kuɗin wuta ya dame shi, don a gidansa sai a bar fanka tana juyawa a ɗakin da ba kowa, a bar ƙwan lantarki a kunne da rana tsaka. Sai ya ɗauko masu aiki suka maƙala wata 'yar na'ura a saman kowane ɗaki, mutanen gidan suka sa mata suna ido. In ta ga motsi ta tayar da fanka, in aka yi minti goma ba motsi ta kashe, kuma duk abin da ta yi tana rubuta shi a wayar Alhaji. Katin wutar da a da yake ƙarewa a mako biyu, sai ga shi yana kai wata. Alhaji ya yi ta ba da labari a kasuwa.

To, a can ƙuryar gidan akwai mahaifiyarsa, Inna Tasalla, wadda tsufa da ciwo suka kwantar, ganinta kuma ya yi rauni. Shekara hamsin tana ɗakin nan, tun ranar da aka kawo ta amarya. Yini take a kwance, ba abin da ke motsi sai yatsunta a kan carbi, na'urar kuwa ba ta ganin motsin yatsa. Alhaji ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta kai ƙararsa.

Wata rana cikin bazara ƙanwarsa Balaraba ta zo daga gidan aurenta, ta tarar da matashin kan Inna sharkaf da gumi, wuyanta duk ƙurajen zafi. Da ta ji dalili, ba ta zame ko'ina ba sai gaban Alƙali Malam Jibo, ta ce a ba ta uwarta ta tafi da ita.

Alƙali ya ce, "Gani ya kori ji." Bayan azahar ya je gidan, ya gaida tsohuwa, ya zaunar da Alhaji da Balaraba a tabarma. Ya ce, "Kowa ya natsu, kada wanda ya motsa sai na ce."

Aka yi tsit. Can sai fanka ta rage gudu, ta tsaya. Zafin kwano ya sauko kamar an kifa musu tukunya. Gumi ya fara bin gemun Alhaji, ya ɗaga hannu zai tayar da fankar.

Alƙali ya ce, "Sauke hannunka, Alhaji. Ita ba ta iya ɗaga nata."

Balaraba ta ce, "Ka gani ko, Yaya? Ka gasa mana uwa don ka rage kati!"

Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ce, "Wallahi, Allah gafarta Malam, ban sani ba."

Alƙali ya ce, "Na yarda ba ka sani ba, kuma rashin sanin shi ne abin bincike. Buɗe wayarka, karanta mana lokutan da fankar ɗakin nan ta tashi a makon jiya."

Alhaji ya karanta. Da safe sau ɗaya, da rana sau ɗaya, da yamma sau ɗaya, lokacin da mai aiki ke kawo abinci ta gyara Inna. Asabar haka, Lahadi haka, Litinin haka.

"Kai a wanne ka shigo?"

"Ina gaishe ta kullum, daga bakin ƙofa."

Alƙali ya juya ya ce, "Ke fa, Balaraba, kafin yau yaushe kika zo?"

"Ran Laraba, Malam. Yini na yi."

"Alhaji, karanta mana Laraba."

Ɗakin Inna, ƙarin minti goma sha biyar. Falon matar Alhaji, awa huɗu cur. Balaraba ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Sannan Alƙali ya matsa kusa da gadon, ya sassauta murya. "Inna, me ya hana ku faɗa? Kuma kuna son ku bi Balaraba?"

Tsohuwa ta ce, "Malam, ni da zafi mun saba, na girma ban san fanka ba. Amma yanzu da ba na gani, in na ji ta tashi, na san mutum ya shigo. Na ce in aka gyara ta, da me zan riƙa sani? Ɗakin nan kuwa, a bar ni in mutu a cikinsa. Wannan da ke zaune, mai gidan nan, bai rage ni da komai ba."

Alhaji ya kasa ɗaga ido, hawaye suka haɗu da gumin.

Alƙali ya ce, "Ku ji hukunci. Na'ura ba ta yi ƙarya ba: an tambaye ta ko da mutum a ɗakin nan, ta ce babu, kuma daga gare ku ta koya. Inna ba za ta tashi ba. Yau ɗin nan a raba fankarta da idon, ta yi ta juyawa ko da motsi ko babu. Sauran ɗakuna a bar su yadda suke, don ɓarna ba alheri ba ce. Idon ɗakin nan kuma kada a cire shi, ya ci gaba da rubutu. Duk Juma'a ku biyun ku zauna a tabarmar nan, ku karanta wa junanku abin da ya rubuta. Mai shigowa kuwa ya yi sallama ya faɗi sunansa, don Inna ta daina tambayar fanka."

An ce tun daga ranar sai da aka ƙara tabarma a ɗakin, katin wuta kuma bai fasa kai wata ba.

Shi ya sa masu hankali suka ce tattali abu ne mai kyau, amma kafin ka yi murna da abin da ya ragu, ka je ka duba wanda aka rage wa.