Taswirar Baba Direba

Kwana shida ke nan wani abu ke damuna, ko abinci ba na jin daɗinsa. Masu bibiyar shafin nan, ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba. Ku dai daure ku kai ƙarshe.

Akwai wata mata mai ɗinki, ana ce mata Maman 'Yan Biyu. Shekara da shekaru ƙafarta na kan keke, ba ta taɓa fita hutu ba. Bana da sanyi ya wuce, ruwan farko ya sauka, itatuwa suka fara toho, sai ta ce wa mijinta su ma fa mutane ne, ya kamata su je su sha iska.

A bayan littafin awon kaya ta tsara tafiyar kwana uku. Su bi hanyar cikin duwatsu a mota, a hankali, suna kallo. Da yamma su shiga babban ɗakin wasan kwaikwayo na garin da ke bayan duwatsun, wanda 'yan biyunta mata suka daɗe suna naci. Washegari su je inda ruwa ke zubowa daga kan dutse.

Motar mai cin mutum biyar ce. Ita, mijinta mai kemis, 'yan biyu. Saura kujera ɗaya.

A ɗakin bakin ƙofa mahaifinta yake zaune, Baba Direba, wanda ya yi shekara talatin yana jan bas a wannan hanyar. Tafiya da shi yanzu sai mai haƙuri. Kowace awa sai an tsaya ya kama ruwa, kunne ya yi nauyi, kuma ba direban da ya iya tuƙi a wurinsa. A ranta ta hango shi a ɗakin wasa yana ɗaga murya, jama'a na waiwaye. Sai ta yanke shawara kular abinci ce za ta hau kujerar.

Ashe Baba ya ji labari. Ta same shi ya fito da takalmansa na fata yana gogewa.

"Uwata," haka yake kiranta don sunan mahaifiyarsa gare ta, "ƙarfe nawa za mu ɗaga? Hanyar nan sammako take so."

Bakinta ya riga tunaninta. "Baba, ai na tambayi likitanka. Ya ce doguwar tafiya ba za ta yi maka ba."

Ya dakata da gugar, ya daɗe yana dubanta. "Likitan ne ya faɗa?"

"Shi ne."

"To, ai ba a ja da likita." Ya tura takalman ƙarƙashin gado.

Da safe suna loda kaya ya miƙo mata takarda a ninke. "Wayarku za ta kurmance a cikin duwatsu. Riƙe wannan."

Ɗaya daga 'yan biyun ta leƙa. "Kaka, wannan rubutu ne ko kaza ce ta yi tono?"

"Tafi can, amaryar da ba ta iya dafa ruwan zafi ba. Na fasa auren!"

Aka yi dariya, mota ta tashi. Maman 'Yan Biyu ba ta iya waiwayawa ba.

Bayan awa biyu suka iso mararraba, waya kuwa ta ɗauke ɗif. Dole aka buɗe takardar Baba. Manyan haruffa ne a karkace, wasu sun hau kan wasu.

"Bayan gada mai jan ƙarfe ku yi hagu. Dama yaudara ce."

"A kwana ta bakwai surukina ya sa giya ta biyu, kada ya dogara da birki."

Mai kemis ya yi dariya. "Ko ba ya cikin mota sai ya tuƙa ni!"

Layin ƙarshe ya ce: "Inda dutse ya rabu biyu ku tsaya. Nan marigayiya uwarki ta fi so. Uwata, ki kalla mini da kyau, ki zo ki ba ni labari."

Suka tsaya. Kwari ne shimfiɗe a ƙasa kore shar, furanni sun rufe gangare, gajimare na shafar kan duwatsu. Mijin na riƙe da takardar sai iska ta juya ta. Ya ƙura wa bayanta ido, ya karanta sau biyu.

"Kin san Baba ya je asibitin ido makon jiya?"

"Ya ce mini maganin ɗigawa ya je karɓowa."

"Takardarsu ce wannan. Jijiyar idon ce ke mutuwa. Ganin da ya rage masa ba zai kai baɗi ba."

Tsohon ya nemi abin rubutu ne, ya zaro ta daga aljihunsa, bai ma ga abin da ke bayanta ba.

Ta zauna a kan dutse. Ta gilashin mota tana hango kular abinci, zaune daram a kujerar mahaifinta.

"Mu koma," ta ce.

"Wasan fa, Mama? Ƙarfe biyar ne," in ji ɗaya daga 'yan biyun.

Sai ɗayar ta buɗe ƙofa, ta ɗauke kular ta kai but ɗin mota.

Da suka isa gida, a kan benci suka sami Baba, rediyo na gefensa a kashe. "Lafiya? Me kuka manta?"

"Kai muka manta, Baba."

Wasan ranar ya wuce su. Washegari suka sake ɗagawa, Baba a kujerar gaba, takalma na ƙyalli. Sau huɗu aka tsaya masa. Inda dutse ya rabu biyu ya daɗe a tsaye, ba wanda ya ce ya yi sauri.

"Koren ina ganinsa," ya ce. "Furannin fa, wane launi suka yi bana?"

"Rawaya, Baba."

"Haka suke lokacin uwarki."

A ɗakin wasa kuwa abin da ta ji tsoro ya faru. "Me ya ce?" in ji Baba da ƙarfi. Mutumin kujerar gaba ya waiwayo, ya dube shi, sannan ya dawo kusa da shi yana maimaita masa maganar a kunne har aka tashi. Abin da ta yi wa mahaifinta ƙarya saboda shi ke nan.

A hanyar gida Baba ya yi murmushi ya ce, "Allah ya yi wa likitan nan albarka da ya sake shawara." Har yau ba ta san ko ya gane ba.

Darasi: Kada ka rage wa tsohonka wuri don tafiyarka ta yi sauƙi. Hanya tana nan baɗi, furanni za su sake fitowa, amma idon da zai gan su ba shi da tabbas. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye.

Yanzu ku ba ni shawara, don na gaji da cewa "wata mata". In durƙusa in faɗa masa ba likitan da na tambaya, ko in bar asirin da ya rufa mini a rufe?